Kurakuran da ake tafkawa wajen ƙawata tsohon gidan ƙasa

Duk wanda ya gaji gidan kakanni a cikin birnin Kano ko Zariya ya san wannan gardama. Wani ɗan'uwa zai ce adon ya yi yawa, a shafe komai da farin fenti a huta. Wani kuma zai ce a kawo tayil da labule masu ƙyalli da fitilu kala-kala. A ganina yawan ado bai taɓa zama aibi a gidan Bahaushe ba. Wanda ya taɓa shiga soron Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko ta Nasarawa a 1909, ya ga yadda magina ke cika bango da zane har sama, amma ido ba ya gajiya. Inda ake ɓata lamarin shi ne kawo adon da ba ya jituwa da ginin.

Kuskure mafi tsada shi ne yaɓe bangon tubali da siminti, sannan a bi shi da fenti mai mai. A shekarar farko abin gwanin sha'awa. Amma bangon ƙasa yana shan danshi da damina, yana kuma fitar da shi da rani. Siminti da fenti mai mai suna toshe wannan hanya, sai ruwan ya maƙale a ciki, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, wata rana ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga. Daga nan sai ɓawon simintin ya ɓalle, ya tafi da zanen da ke ƙarƙashinsa. Gyaran shi ne a koma ga abin da aka gina gidan da shi: yaɓen ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina a wuraren da ruwa ke duka. A ciki kuma farar ƙasa ta wadatar. In an riga an sa simintin, kada a sa gatari a ɓamɓare shi rana ɗaya. A kira magini, ya cire shi kaɗan-kaɗan bayan ruwa ya ɗauke, a bar bangon ya sha iska kafin a sake yaɓe. Kuma kafin a taɓa zane ko ɗaya, a hau rufin a duba indararo, domin yawancin ɓarnar da ake gani a ɗaki daga can take gangarowa.

Na biyu shi ne wanda ya fi ba ni takaici: rufe sama da silin zamani. Darajar tsohon soro tana samansa ne. Bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, da jeren azarar giginya su ne abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi suna da shi a Masallacin Juma'a na Zariya tun wajen shekarun 1830, har aka kwaikwayi ginin a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Sai ka ga mutum yana da irin wannan a gidansa, ya biya kuɗi an ɓoye shi da allo mai faɗi don a sami wurin maƙala fanka. Ban da hasarar kyau, silin yana hana ka ganin tsagewa ko ɗigon ruwa sai abin ya yi nisa. Fankar tsaye tana yin aikin. Wayar lantarki kuma a bi da ita ta cikin bututu a gindin bango, ba a sassaƙa mata hanya ta tsakiyar zanen dagi ba.

Sai batun haɗa zane da zane. A nan ne ra'ayi ya fi rabuwa, kuma ni ina tare da masu son cika ɗaki, da sharaɗi ɗaya. In bango yana ɗauke da dagi da zayyana mai tudu, shi ne babba a ɗakin, sauran kaya su bi shi. Abin da ake yi ba daidai ba shi ne a kawo labule mai manyan furanni, kafet mai nasa furannin, kujeru masu ruwan zinare, kowanne yana ihu. Dabarar ita ce a bambanta girma: in zanen bango manya ne, na shimfiɗa ya zama ƙanana, ko a sa tabarma ko darduma mai launi ɗaya. Launi ma a tsamo shi daga bangon, ja irin na ƙasa, shuɗin baba, fari, ɗan baƙi. Tum-tum na fata da zanen saƙi ba su taɓa faɗa da bangon ƙasa ba. Takardar mannawa a bango kuwa a manta da ita kawai, gam ɗinta ba ya kama ƙasa, kuma gara na son bayanta.

Akwai kuma masu raina jere. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin adon cika ɗaki: tasoshi da kwanuka a jere tun daga ƙasa har kusa da rufi. Amarya ta yau tana ganin ƙauyanci ne, sai a kwashe a kai wa 'yan gwangwan. In ba za a iya riƙe duka ba, a zaɓi masu kyau a ba su kusurwa ɗaya. Sai dai a tsayar da kantar jeren a ƙasa, kada a dinga buga ƙusa a bangon tubali ana rataya nauyi.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne haske. Zane mai tudu da inuwa yake rayuwa. Farin ƙwan lantarki mai ƙarfi a tsakiyar rufi yana baje shi ya koma kamar ba komai. Fitila mai ɗan ruwan ɗorawa da aka ajiye a gefe, haskenta na shafar bangon a karkace, ita ke fito da kowane lanƙwasa.

Game da gyaran zanen kansa, a guji ba mai fentin shaguna. Zai bi layin da burushi mai kauri, ya ƙara abin da ya ga dama, ya goge keke ko takobin da wani magini ya zana shekaru da dama da suka wuce saboda a ganinsa shirme ne. Alhali irin waɗannan hotuna, da suka yi yawa a gidajen Zariya a tsakiyar ƙarnin da ya gabata, su ne ke nuna zamanin da aka yi aikin da abin da maigidan ke alfahari da shi. A ɗauki hoton kowane bango da waya kafin a fara, a nemi zuriyar magina ta hannun Sarkin Magina ko dattawan unguwa, kuma a ce wa maginin ya gwada a ɗan lungun bayan ƙofa tukuna, a bar shi ya bushe mako guda a gani.