Yadda za ka kwatanta giɓin masu kuɗi da talakawa tsakanin ƙasashe

In ka ga ana yawo da jadawali wai ƙasa kaza ta fi ƙasa kaza giɓi tsakanin mai kuɗi da talaka, kar ka yi saurin turawa gaba, fara duba ma'aunin tukun. Yawanci Gini ne, daga 0 zuwa 100, sifili na nufin samun kowa ɗaya ne, 100 kuma mutum guda ya kwashe komai. A alƙaluman Bankin Duniya Afirka ta Kudu na wajen 63 a 2014, Brazil sama da 50, Amurka wajen 41, su Denmark da Norway ƙasa da 30.

Najeriya kuma 35 a binciken 2018 zuwa 2019, to nan fa ake tafka kuskure, sai mutum ya ce ashe ma mun fi Amurka adalci. A'a wallahi, tambayi me aka auna. A Amurka kuɗin da ke shigowa ake lissafawa, a Najeriya kuwa abin da gida ya kashe ake tambaya, abinci ne, haya ce, kuɗin makaranta ne, tunda manomi da mai tireda ba su da takardar albashi. Shi kuwa attajiri komai kuɗinsa ai ba zai cinye buhun shinkafa a rana ba, abin da ya tara ya ajiye ba ya fitowa a lissafin, ga shi ma mai tambayar da wuya ya wuce maigadi, dole lambar ta fito ƙarama. Don haka haɗa ƙasa mai auna kashewa da 'yar'uwarta mai auna kashewa kawai.

Ka kuma duba kafin haraji ne ko bayan haraji da tallafi, don ƙasashen Turai da yawa sai bayan nan giɓinsu ke raguwa sosai. Lamba ɗaya tana ɓoye na cikin gida ma, a wancan binciken talauci a Sakkwato ya kai kashi 87 cikin ɗari, Legas kuwa bai kai 5 ba.

Maganar albashi, kar yawan sifili ya ruɗe ka. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga naira dubu 30 a 2019 zuwa dubu 70 a 2024, amma a 2024 ɗin hauhawar farashi ta haura kashi 30, sai ka lissafa mudu nawa yake saye a da da kuma yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan talaka zai iya haurawa kuwa? Rahoton ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe (OECD) na 2018 ya ƙiyasta zuriya nawa gidan talaka ke ɗauka kafin ya kai matsakaicin samu, Denmark 2, Amurka 5, Brazil da Afirka ta Kudu 9, Kolombiya 11. In ka ɗauko Gini na ƙasa, nemo wannan lambar ma ka jera su tare, kuma ka tabbatar shekarun binciken ba su yi nisa da juna ba.