Sababbin zuwa Ingila, don Allah ku riƙa tambaya

Ƴan uwa sababbin zuwa, wallahi ba abin da ke ɓata min rai da ku kamar wannan shirun naku. Mutum ya sauka bai san gabas ba bai san yamma ba, amma kunya ta hana shi cewa ban gane ba, sai abu ya gama lalacewa sannan a kira mu da tsakar dare.

Layin waya, katin bas, rajista da likitan unguwa wanda kyauta ne, duk wannan za ku iya da kanku. Inda ake kuka shi ne haya.

Kafin ka ba mai gida ko sisi, ɗauki hoton takardar yarjejeniyar ka tura wa wanda ya daɗe a nan ya duba maka. Tun 2019 doka ta hana karɓar kuɗin ajiya (wanda ake riƙewa a mayar maka in za ka tashi) da ya wuce hayar sati 5 a irin gidajen da muke kamawa, kuma dole mai gida ya saka kuɗin a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30 ya ba ka shaida a rubuce, sai dai in gida ɗaya kuke zaune da shi, nan dokar daban ce, to ka ga ina sabon zuwa zai san wannan in bai tambaya ba? Ni mai gidana na farko a hannu ya karɓa ba rasit, da zan tashi ya nuna min tabo a kafet wanda tun shigata yake wurin, ya ce kuɗina sun tafi gyara. Har yau ina ganin yaranmu suna faɗawa ramin nan, alhali ƙungiyoyin taimakon jama'a irin su Citizens Advice da Shelter kyauta suke ba da shawara kan haya.

Maganar biza kuma ban yarda da "wani ya ce" na guruf ɗin WhatsApp ba. Ɗalibin digiri awa 20 aka yarda ya yi aiki a sati lokacin karatu, in kana shakka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku.

Mutanenmu a nan alhamdulillahi ba su da rowar taimako. Ka tsaya bayan sallar Juma'a ka gaisa da dattawa ka faɗi damuwarka, za ka samu wanda zai ajiye aikinsa ya raka ka duba gidan, har ya ɗaga kafet ɗin ya ɗauki hoto kafin ka sa hannu.