Kurakuran da muke yi a kicin da tsakar gida idan hunturu ya kama, da yadda ake gyara su

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar nan ta taso daga Sahara ta lulluɓe gari da hazo, ƙorafin matan gida kusan iri ɗaya ne duk inda aka haɗu: ƙullun waina ya ƙi tashi, kunu ya tsinke, man kwakwa ya daskare, zuma ta yi tsaki-tsaki. Sai a ce yis ɗin mai shago ya mutu, ko mai zuma ya yi algus. Sau da yawa kuwa kayan lafiyarsu ƙalau. Yanayi ne ya juya, hannunmu kuma yana nan a kan abin da ya saba. A Kano, inda zafi kan kai digiri 40 a watan Afrilu, asubar Janairu takan sauko wajen digiri 13, a Jos ma ƙasa da haka, ga iska busasshiya ƙayau. Ƙullu da mai da sukari duk suna jin wannan sauyin kamar yadda fatarmu take ji.

Mu fara da ƙullu. Yis abu ne mai rai, kuma sanyi kasala yake sa masa. Fanken da yake kumbura cikin awa ɗaya da bazara, yanzu zai iya cin awa biyu ko uku. Kuskure na farko shi ne uwargida ta ga shiru, sai ta ninka yis, daga ƙarshe waina ta fito tana warin tsami. Na biyu ya fi muni: a kwaɓa da ruwan zafi wai don ya yi saurin tashi. Ruwan da ya kai digiri 60 kashe yis yake yi, bayan nan ko kwana ƙullun ya yi ba zai motsa ba. Ruwan da ake so shi ne irin wanda za ki yi wa jariri wanka da shi. Idan kina shakkar yis ɗin, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya a rabin kofin ruwan ɗumi da ɗan sukari, ki ba shi minti 10. In ya yi kumfa, yana da rai. Daga nan ɗumi kawai zai nema: ki rufe robar, ki naɗe ta da bargo, ki ajiye a hantsi ko gefen murhun da aka gama girki. Kindirmo ma haka yake. A zuba masa iri tun madarar tana da ɗumi, a juye a kula, a lulluɓe, a bar shi ya kwana ba tare da ana buɗewa ana leƙawa ba.

Kunu shi ne abin karin kumallon wannan lokaci a yawancin gidajenmu, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Kunun tsamiya ba a kan wuta yake dahuwa ba, zafin ruwan da aka sheƙa wa gasara ne yake dafa shi. To ki duba abin da yake faruwa da asubar hunturu: gasarar ta kwana ta yi sanyi ƙarara, an dama ta da ruwan randa mai yawa, a cikin kwanon silba mai sanyi, sannan an sauke ruwan tsamiya daga wuta an tsaya neman ludayi. Kafin ruwan ya haɗu da gasara ya riga ya huce, sai kunu ya fito tsararo, ga ɗanɗanon ɗanyen gero. Kakata, Allah Ya jiƙanta, takan ɗauraye ƙwaryarta da ruwan zafi kafin ta zuba gasara, kuma sai da na girma na gane dalili. Ki dama gasarar da kauri, da ruwa kaɗan mai ɗumi. Ki bar ruwan tsamiya ya tafasa sosai har yana tsalle, ki ɗauko shi kai tsaye ki sheƙa a tashi ɗaya, ki rufe na minti biyu kafin ki juya. Idan kuma ya riga ya tsinke, kada ki zubar, kada kuma ki ƙara ɗanyar gasara a kai. Ki juye shi a tukunya, ki rage wuta, ki yi ta juyawa, zai haɗe jikinsa.

Kunun gyaɗa nasa matsalar daban ce. Ga yadda nake yi wa mutum biyar ko shida: gyaɗa gwangwanin madara 2, ɗanyar shinkafa gwangwani 1 da aka jiƙa tun dare, ruwa wajen lita 2. A ɗan soya gyaɗar sama-sama don ɓawon ya fita, a markaɗa, a tace, a ɗora ruwan a wuta. A markaɗa shinkafar daban da citta da kanumfari. Idan ruwan gyaɗar ya tafasa, a riƙa zuba ƙullun shinkafa a hankali ana juyawa har ya yi kauri. Inda ake samun tangarɗa shi ne wurin tsami. Wasu sukan zuba tsamiya ko lemon tsami tun ruwan gyaɗar yana tafasa, sai ya kakkatse ya yi gudaji kamar awara. Tsami a ƙarshe yake shiga, bayan an sauke, kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. Sannan kada ki ba tukunyar baya, don ruwan gyaɗa kumfa yake yi ya zube kamar madara.

Akwai kuma abin da nake roƙon kowace uwa ta kula da shi: tsince gyaɗa. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yamutse, ko ta yi fumfuna, a zubar da ita. Irin wannan gyaɗar tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ko tafasa ba sa kawar da ita. Wannan aiki ne da yara za su iya taya ki a kan faifai, suna yi kuna hira.

Kantun riɗi yana cikin abubuwan da suka fi sauƙi, riɗi kofi 2, sukari kofi 1, shi ke nan. Amma a rege riɗin tukuna saboda tsakuwa, a shanya ya bushe, a soya da ƙaramar wuta. Da ya fara tsalle yana ƙamshi a sauke, don minti ɗaya aka ƙara sai ɗaci. Sukarin a narkar da shi har ya yi kalar zuma, ba kalar shayi ba. Kuskuren hunturu a nan shi ne jinkiri. A wannan sanyin kantu yana sandarewa nan da nan, don haka tun kafin ki ɗora sukari ki shafa wa tire mai, ki ajiye kwalbar murzawa da wuƙa a kusa. A yanka shi da sauran ɗuminsa. In ya riga ya ƙame, a farfasa shi kawai a ci, bai lalace ba.

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma manne wa fata yake yi. Wannan matakin ba na yara ba ne, su jira a waje har a zo yanka. Idan tsautsayi ya faɗa, da sukari ko ruwan zafi ko garwashi, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja, ba gishiri. Duk waɗannan ƙara wa ciwon datti suke yi. Idan ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take, ko ƙaramin yaro ne, a wuce asibiti.

Zumar da ta daskare ba shaidar algus ba ce, zuma mai kyau ma takan yi haka a sanyi. A tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi ta narke. Sai dai komai tarin da jariri yake yi, ba a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba zuma.

Sai man shafawa. Haɗin man kaɗe na gida ya fi mayuka da yawa na kanti maganin kaushi da faso, ga araha. Kofi 1 na man kaɗe, kwatan kofi na man kwakwa ko man zaitun. Man kwakwa yana daskarewa da zarar yanayi ya yi ƙasa da digiri 24, saboda haka ganin sa fari tas a kwalba ba matsala ba ne. Abin da ke ɓata haɗin shi ne ɗora man kaɗe a kan wuta kai tsaye har ya yi hayaƙi, sannan a bar shi ya huce a hankali. Sai ya fito da ƙananan ƙwayoyi kamar yashi. Ki sa shi a kwano, ki ɗora kwanon a cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke gaba ɗaya, ki zuba ɗaya man, sannan ki sanyaya shi da sauri, ko a firji ko cikin ruwan sanyi, ki buga shi da ludayi idan ya fara kamawa. Wanda ya riga ya yi yashi ma haka za ki sake narkar da shi ya gyaru. Kada ɗigon ruwa ya shiga cikin man, don shi ke kawo fumfuna. Na jarirai kuma a bar shi haka nan ba turare.

Lokacin shafawa ma yana da muhimmanci. Mai ba ya kawo danshi, tsare wanda yake jiki yake yi. Wanda ya fito wanka ya tsaya jin ɗumi har ya bushe ƙamas sannan ya shafa, ya yi asarar rabin amfanin. A shafa da sauran lema a jiki. Mai faso ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ya goge da dutse a hankali, ya cika ta da mai, ya sa safa. Yanke kaushi da reza kuwa a daina, musamman ga mai ciwon sukari.

Hutun Disamba yana zuwa daidai da lokacin da karan dawa ya cika ko'ina bayan girbi, kuma ina jin takaici idan na ga yaro ya wuni a kan waya alhali bai taɓa haɗa motar kara ba. Abin da ake buƙata duk yana gida: ɓawon kara shi ne ƙusa, totuwar ciki ita ce katako, tsohon silifa ko murfin kwalba su ne tayoyi. Kara ya bushe sosai a wannan iskar, shi ya sa ɓawon yake karyewa da an lanƙwasa. A jiƙa shi kamar rabin awa zai yi laushi. A kakkaɓe karan da kyau kafin a miƙa wa yara, don kunama tana son ɓuya a cikin tarinsa. Ɓawon yana da kaifi, reza kuma ta zauna a hannun babba. Amma babban kuskuren iyaye shi ne su karɓe aikin su ƙera da kansu don ya yi kyau. Ku yanka musu, ku nuna sau ɗaya, ku bar su. Motar da ta karkace wadda yaro ya haɗa da hannunsa ita zai ja har hutu ya ƙare.

Masu koyon saƙa da kwarashi kusan duk da hular sanyi suke farawa, kuma kusan duk hular farko ko ta matse ko ta zama kwando. Dalili biyu ne: jan zare da ƙarfi, da saƙa da ka ba awo. A auna kan mai hular da tef. Kan sabon jariri yana kai wa santimita 34 zuwa 35, na babba 55 zuwa 58. A rage santimita 2 ko 3 saboda ulu yana miƙewa, a raba abin da ya rage gida uku da ɗan ɗoriya, wannan shi ne faɗin da'irar saman hular. Da da'irar ta kai haka, a daina ƙari a ci gaba da saƙa a miƙe. Idan ta fara yin tattara kamar bakin siket, ƙarin ya yi yawa, a warware layi ɗaya ko biyu. A kuma sani cewa yawancin ulun da ake sayarwa a kasuwanninmu na roba ne, narkewa yake yi ya manne a fata idan wuta ta taɓa shi. Yaron da ke sanye da rigar saƙa kada ya matsa kusa da kasko.

Wani ɗinki mai sauƙi da ke rage shara shi ne doguwar jaka ta tsohon zane, tsawon faɗin ƙofa, a cika ta da yashi a kwantar a ƙasan ƙofa don tare ƙura da iska. A ninka zanen biyu don kada yashin ya riƙa tsiyaya, yashin ya zama busasshe. Kada a cika ta da dusa ko hatsi, gayyatar ɓera ce.

Amma wannan jakar ba ta haɗa ɗaki da gawayi. A nan ne kuskure yake zama rasa rai. Garwashi, ko ya yi jajir babu hayaƙi ko kaɗan, yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. A ɗakin da aka toshe taga da ƙofa, mutane sukan yi barci su wuce daga nan ba tare da sun farka ba. Imanin cewa idan hayaƙin ya ƙare an tsira ba gaskiya ba ne. A ji ɗumi a tsakar gida ko a rumfa inda iska ke ratsawa, a fitar da kasko kafin a kwanta, janareto ma ya kwana a waje nesa da taga. Don ɗumama shimfiɗar yara, a cika jarka mai ƙwari da ruwan ɗumi, a ɗaure murfin sosai, a naɗe da tawul a sa cikin bargo, a cire kafin su hau. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri ko amai a lokaci guda bayan an kwana da wuta, a buɗe ƙofa da tagogi, a fito da kowa waje, a kai su asibiti nan take ko da sun ce sun ji sauƙi.