Yadda ake binciken ƙwayar gadon da ke ja wa tsokar kifi linzami

Ɗalibin da ya tashi a Wudil ko Ringim, bai taɓa ganin teku ba, zai iya nazarin ƙwayar gadon kifin teku. Titus ɗin nan na ƙanƙara da ake sarowa daga Kano a kai kasuwannin ƙauye, ai daga teku ya fito.

Sunan ƙwayar mayostatin, aikinta hana tsoka wuce ƙima. Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne suka gano ta a 1997, kuma ɓerayen da suka kashe wa ita tsokarsu ta ninka. A 2021 aka fara sayar da wani kifin teku mai suna madai a Japan, wanda aka kashe wa wannan ƙwaya don ya ƙara nama.

Mataki na farko a kwamfuta yake. Shiga GenBank, rumbun intanet da ake tara bayanan ƙwayoyin gado, kyauta ne, ka nemo jerin ƙwayar, wato yadda haruffan sinadarinta suka jeru, a kifayen da suka yi kusa da naka. Kula da kyau: akasarin kifaye kwafi biyu gare su, kifin salmon ma huɗu. Tsayar da wanda kake nema kafin malaminka ya taya ka tsara firaima, wato gajerun jerin da za su kamo ƙwayar.

Sai ɗaukar samfur, kuma nan ne aiki ya fi lalacewa. Yanko tsoka kamar ƙwayar wake daga cikin jikin titus. Kowane kifi da sabuwar rezarsa, don in jinin wannan ya taɓa wancan, sakamakon ya gurɓace. Jefa yankan a ƙaramar kwalba mai itanol kashi 95 cikin 100. Da fensir za ka rubuta lamba, domin itanol na goge tawadar biro. Ina ba da shawarar ka haɗa da tarwada ko karfasa daga masuntan Tiga ko kogin Haɗejiya don kwatantawa. Fara gaida sarkin ruwa, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Ɗiga man kanumfari kaɗan a bokitin ruwan da kifin yake ciki don ya lafa, ka auna nauyinsa da tsawonsa, ka ɗan yanki gefen wutsiya, ka mai da shi ruwa mai tsabta ya farfaɗo. Babu dalilin kashe shi.

Daga nan sai ɗakin gwaji. Tuntuɓi jami'a mafi kusa, Bayero a Kano ko ta Tarayya da ke Dutse. A ciro DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, a ninka ƙwayar da na'urar PCR zagaye 30 zuwa 35, a duba a kan jel, wani daskararren abu da ke nuna ko ƙwayar ta ninku, a aika a karanto jerin. Abin da ya dawo ka saka shi a manhajar BLAST, mai kwatanta jeri da waɗanda ke rumbun, ka tabbatar mayostatin ɗin ka kamo.

Titus na kasuwa jerin ƙwayar kaɗai zai ba ka. In so kake ka san ƙarfin aikinta a tsoka, ƙwaƙwalwa ko hanji, tunda a kifi ba a tsoka kawai take aiki ba, RNA za ka auna, wato kwafin saƙon da ƙwayar ke fitarwa idan tana aiki, shi kuwa da wuri yake lalacewa bayan kifi ya mutu. Wannan sai da kifi mai rai, da ruwan RNAlater mai hana RNA lalacewa a hannunka tun kana bakin kogi.