Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaure kaptar ƙwanƙwasa a injin da aka taɓa

Injin da aka kankare masa kulas (murfin saman silinda), ko aka faɗaɗa masa silinda, ko aka ɗora shi a motar da ba tasa ba, ya fi kowane inji bukatar kaptar da ke sauraron ƙwanƙwasa. Kankare kulas yana ƙara matsi a ɗakin ƙonewa. Ga zafin Maraɗi a watan Afrilu da Mayu, wanda ke haura digiri 40, ga man kwalba na bakin hanya da ba wanda ya san ingancinsa. Idan waɗannan suka haɗu, sai wani ɓangare na mai ya fashe da kansa kafin harshen wutar buji ya iso gare shi. Wannan ce ƙwanƙwasa, ƙarar ƙal-ƙal-ƙal da direba ke ji idan ya taka mota da lodi. Aikin kaptar shi ne ta ji girgizar, ta sanar da kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta wuta.

A cikin kaptar akwai wani ɗan zoben tangaran da ke haifar da lantarki idan an matsa shi. Kamar kunne ne da aka manna a jikin bango: idan bai zauna daidai ba, ba zai ji abin da ke ciki ba. Shi ya sa ƙarfin ɗauri ke da muhimmanci a nan fiye da yadda girman bulon da ke riƙe ta ke nunawa.

Kuskuren da na fi gani a garejojinmu shi ne matsewa fiye da kima. Yaron gareji ya saba da cewa bulon da bai yi tauri ba zai jawo masa faɗan maigida, sai ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, wani ma ya zura bututu a kile don ƙarin ƙarfi. Kaptar Bosch mai rami a tsakiya, wadda bulon M8 ke ratsawa, ƙarfin ɗauri na Niwton-mita 20 take so, da rangwamen 5 sama ko ƙasa. Irinta da ke kan injin 1ZZ na Toyota Corolla ma 20 ɗin ne. A kile mai tsawon santimita 25, wannan kusan nauyin kilo 8 ne a ƙarshen hannu. Idan aka zarce, tangaran ɗin na iya tsagewa ko jinsa ya sauya, kwamfuta ta riƙa jinkirta wuta babu dalili. Mota ta yi nauyi, ta sha mai, ta ƙara zafi. Mai mota ya dawo yana cewa, "Maigida, tun da kuka taɓa ta ba ta ja." Daga nan a fara sauya buji da famfon mai, alhali matsalar na ƙarƙashin bulon ɗaya. Maganinsa kile mai ma'auni, kuma kada bindigar iska ta kusanci wurin. Wadda aka riga aka murƙushe, sassauta ta ba lallai ya dawo da ita ba, gara a sa sabuwa.

Sakin ɗauri ya fi wannan haɗari, domin shi ba ya nuna kansa. Mota tana gudu lafiya, fitilar gargaɗin inji ba lallai ta kama ba, amma kaptar ba ta jin komai sosai. A doguwar tafiya zuwa Damagaram ko Dakoro da tsakar rana, ƙwanƙwasa na cin kan fistin har ta karya gefen da ke riƙe zobba.

Sai kuma mazaunin kaptar. Injin da aka sake haɗawa yakan sha fenti don ya yi kyau a idon mai shi, fentin kuma ya rufe wurin. Wani wurin tsatsa ce, ko mai da ya cakuɗe da ƙurar hunturu. A goge har ƙarfe ya fito fes, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ba a sa wasa (zoben ƙarfen da ake sawa da bulon), ba a shafa silikon, ba a naɗa farin tef ɗin masu famfo a zare. A duba tsawon bulon ma: wanda ya yi tsawo zai taɓa gindin rami, kile ya nuna 20 cif, kaptar kuwa tana juyawa da yatsa.

Wajen sauya inji ne ake yin abin da ya fi ba ni takaici. Idan ramin asali ya shige ƙarƙashin bututun shigar iska, ko waya ta gaza, sai a ɗaure kaptar a duk inda aka ga rami. A kan kulas hayaniyar bawul za ta cika ta. A kan ƙarfen da ke riƙe wani abu kuwa, ta yi nisa da silinda. Wasu da gangan suke yin haka don fitila ta mutu, sun toshe wa inji kunne ke nan. A mayar da ita raminta a jikin bulok, ko da sai an kwance bututun, kamar yadda ya zama dole a injin V6 na 1MZ inda guda biyu ke kwance tsakanin layukan silinda.

Kaptar ma iri biyu ce. Tsohuwar da ake murzawa kamar buji an daidaita ta da amon inji guda, amon kuma ya dogara da faɗin silinda. Ma'aunin ɗaurinta daban ne da na mai rami, yawanci ya fi yawa, don haka a nemi adadin injin a littafinsa. Ba a musanya ɗaya da ɗaya don kawai fulogin wayarta ya shiga.

Wayarta tana da raga mai kare ta daga hayaniyar lantarki. Idan an ƙara mata tsawo da wayar banza, ko ta bi kusa da wayoyin buji, lambar P0325, wadda kwamfuta ke nuna matsalar kaptar da ita, za ta yi ta dawowa duk yawan kaptar da aka saya. Bayan gyara a goge lambar, a fita da mota ta yi zafi, a kunna na'urar sanyi, a taka ta da lodi, wani yana zaune a gefe da na'urar bincike yana kallon yadda kwamfuta ke jan lokacin wuta baya.