Haɗin tonik da lemun tsami, ba giya a ciki

Jama'a, ga abin sha na zafin Gomben nan. Asalinsa daga Turawan Ingila ne a Indiya: kwinin suke sha saboda zazzaɓin cizon sauro, ɗaci ya ishe su, suka riƙa sirka shi da giyar jin. Mu giyar mun bar musu, tonik kaɗai, wato ruwan nan mai gas da ɗacin kwinin, ya wadatar. Kwinin ɗin cikinsa kaɗan ne fa, ba magani ba ne, mai zazzaɓi ya nufi asibiti.

Ku sa tonik na Schweppes a firji ya yi sanyi sosai. Ku cika kofin gilashi da ƙanƙara har baki, manyan guntaye, don ƙananan nan da nan suke narkewa su tsinka abin. Lemun tsami a murza shi a tafin hannu kafin a yanka, a matse rabi, a goga ɓawon a bakin kofi, ƙamshin a nan yake. Yanka biyu na kokwamba, da 'yar ɗanyar citta dakakkiya.

Sai a karkata kofin, a zuba tonik a hankali. Juyi ɗaya da cokali ya isa, in an yi ta motsawa gas ɗin zai fice ya bar ku da ruwan ɗaci. Sukari kuwa kar a ƙara, akwai shi a ciki.