Yadda ake kula da jinjiri mai fata mai bororo

Ɗan ƙanwata a nan Tawa, kwana biyu da haihuwa ungozoma ta ɗauke shi ta hamata sai fatar ta saluɓe kamar an zuba mishi ruwan zafi. Mutane sun yi ta cewa maita ce, sai da muka je Yamai lokotoron fata ya ce ciwon gado ne, sunanshi epidermolysis bullosa, wato abin da ke liƙe saman fata da ƙasanta ne bai da ƙarfi, ko ɗan guga kaɗan sai bororo. Ciwon ba a ɗaukar shi daga wajen wani. Wani irin, in uwa da uba duk suna ɗauke da shi, kowane ciki akwai kashi 1 cikin 4 jinjirin ya zo da shi, shi ya sa ya fi fitowa a auren zumunci.

Farko dai ɗauka. Kar ki kama hamata, ki mirgina shi ki sa hannu guda ƙarƙashin ɗuwawu guda bayan wuya. Goyo da zane mai tauri ma ki haƙura da shi, na san da wuya wallahi amma ƙullin nan na cin fata.

Wanka ruwa mai ɗumi kaɗan, ba soso, gishiri gram 9 a lita guda yana rage zogi, in kin gama ki ɗan dangwala tawul kar ki goge.

Sai bororon, nan ne ake rigima da tsofaffi don su cewa suke a bar shi ya fashe da kanshi, alhali wanga bororo in an bar shi faɗi yake ƙarawa. Ki wanke hannu, ki samu sabuwar allura ta farmasi, ki huda gefe ki matse ruwan a hankali da kompres, fatar saman ki bar ta wurinta. Ki shafa basilin a kompres sosai ki rufe ki naɗe da bandi. Filasta kam kar ta taɓa jikinshi, da fata take fita. Yatsu ki raba su ɗaya-ɗaya don kar su manne.

Riga ta auduga, a juya ɗinki waje. Watan Afrilu da Mayu bororo ya fi yawa saboda zafi, ki aje shi inuwa.

Maganin warkewa babu har yanzu, amma in kin ga mugunya, wari, ko jiki ya yi zafi ya ƙi nono, ku tafi likita ranar nan.